Ƙadandoniyar da Ke Shan Ruwa Daga Iska

Uwargida, kin san yadda gishirinki ke yi a watan Agusta. Kin rufe shi, ruwa bai taɓa shi ba, amma da safe sai ki tarar ya jiƙe ya dunƙule. Gishirin ne ya janyo laimar da ke cikin iska. To, akwai halittun da da wannan dabara suke kashe ƙishirwa.

Ɗaya daga cikinsu wata 'yar mitsitsiyar ƙadandoniya ce, ba irin babbar nan baƙa da ke nannaɗewa a tsakar gida da damina ba. Masana na kiran ta Polyxenus lagurus. Tana zaune ƙarƙashin ɓawon itace da tsagar duwatsu a Turai da Arewacin Amurka. Tsawonta bai wuce milimita 3 ba, ƙafafunta 26, jikinta duk gashi kamar buroshi. Halitta mai wannan ƙanƙanta ba ta da wuyar bushewa. A 2006 wasu masana biyu, Wright da Westh, suka nuna cewa idan laimar iska ta haura wajen kashi 85 cikin 100, takan tsotse tururin ruwa kai tsaye, ba sai ta sami raɓa ba. Sun fi kyautata zaton ta dubura take yi, inda jikinta ke tara ruwa mai gishiri sosai, laima ta biyo shi. Ikon Allah ke nan. Kaska ma na yi, ita kuma ta baki, da wani yawu mai gishiri.

Ga inda abin ya shafe ki. Ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar katifa da matashi da kafet, waɗanda ido ba ya gani, su ma daga iska suke shan ruwa. Kashinsu na cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma da atishawa. Ɗaki a rufe, ga laimar damina, ga gumin mai barci, sai su yi ta hayayyafa. Idan laima ta daɗe ƙasa da kashi 50, bushewa suke yi.

Saboda haka in yaronki na tari da dare da damina, ki kai shi asibiti tukuna. Sannan duk ranar da rana ta buɗe, a fitar da katifa da matasai a shanya, a buɗe tagogi, a wanke zanin gado da ruwan zafi. A ganina kafet ba shi da amfani a ɗakin mai asma.

Ke sau nawa kike shanya katifa? Faɗa mana a ƙasa.