Aljanu Sun Isa Haka, Ina Kumbon?

Da an shiga dogon hutun makaranta a watan Agusta, kasuwar masu cajin waya a Rigasa da ke Kaduna takan buɗe. Ba caji kaɗai ke kawo yara ba. Yaro zai miƙa memori a tura masa littafin yaƙi wanda wani mai zaƙin murya ya karanta, daga kashi na ɗaya har inda kuɗinsa ya tsaya, ya toshe kunnuwa, sai an dafa kafaɗarsa kafin ya san ana kiransa. Wata guda cur yana tare da sadaukai da bokaye da aljanu. Iyaye da yawa kuwa hukuncinsu ɗaya ne: ƙarya ce tsagwaronta, kuma ɓata lokaci.

Hukuncin ya yi tsauri, ya kuma manta tarihi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta haifi littattafan ƙagaggun labarai na farko a bokon Hausa, biyu daga cikinsu kuwa cike suke da aljanu. A Ruwan Bagaja, Abubakar Imam ya tura Alhaji Imam neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana tafe suna yi wa juna ƙeta da Malam Zurƙe. A Ganɗoki, Bello Kagara ya ɗauki jarumin da ya gwabza da Turawa ya kai shi ƙasar aljanu. Wannan Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, malami ne da ya kai ga zama Walin Katsina. Ba wanda zai ce masa bai san hukuncin ƙarya ba. Bayansu Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi, labarin wani gwarzon Rasha da ya mayar Bahaushe, har birnin Kiyef ya koma Kib. Uban da ke ƙwace wayar ɗansa yau, wataƙila da waɗannan littattafai ya koyi haɗa baƙi a firamare.

Hani ma ba ya aiki. A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Labaran ba su mutu ba, sun ƙaura ne zuwa WhatsApp da YouTube, inda idon uba ba ya kaiwa.

Akwai abin damuwa, amma ba inda ake nuna yatsa yake ba. A duba yadda jarumi ke cin nasara a yawancin littattafan yaƙin da suka cika wayoyi. An tare shi da mayaƙa dubu, ya murza zobe, aljani ya bayyana, magana ta ƙare. Ya shiga kurkuku, boka ya ba shi laya, bango ya tsage. Abdulaziz Sani Madakin Gini ya yi suna a wannan fage domin ya iya jan zaren labari, amma masu kwaikwayonsa da dama zoben kawai suka ɗauka suka bar gwanintar. Yaron da ya kwashe kwana 30 yana jin cewa kowace ƙofa da asiri ake buɗe ta, an shayar da shi wani darasi ba tare da ya sani ba, kuma darasin ne masu damfarar ninka kuɗi ke cin abinci da shi.

Abin takaici, Hausa ta taɓa kama wata hanyar. A 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi tafiya sararin samaniya tare da wata baƙuwar halitta. Irin wannan labari yakan bar yaro da tambaya: me ke riƙe da taurari, me ya sa ba iska a can? Sama da shekara 50 ke nan, waɗanda suka bi sawun Dembo ba su taka kara sun karya ba, alhali Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko tun 2003, kuma Nnedi Okorafor, 'yar asalin ƙasar nan, ta ci kyautar Hugo a 2016 da labarin yarinyar da ta bar gida ta tafi jami'a a wata duniyar.

Rigasa ba ta rasa kayan irin wannan labari ba. Tun 2016 jirgin ƙasa na Abuja a nan yake tsayawa, kuma kowane layi akwai matashin da ke farke waya ya ɗinke ta da ƙarfen narka dalma. Shi ma jarumi ne, ba a dai rubuta shi ba tukuna.

Don haka iyaye su bar yaro ya yi watansa da littafi, amma su zauna su tambaye shi da me jarumin ya yi nasara. Marubuta kuma, musamman na Kaduna, a rage zobe, a ba jarumi lissafi da sukurdireba.