Zaɓen Jami'a Da Neman Gurbin Likitanci

A kowace shekara, da zarar Hukumar JAMB ta buɗe rajista, ɗimbin matasa a birnin Sakkwato sukan cike takarda da burin zama likitoci. Kaɗan ne ke samun gurbi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rasa suna da hazaƙa. Abin da ya kayar da su shi ne rashin sanin cewa jami'a da fannin da ɗalibi ya zaɓa suna yanke masa hukunci tun bai zauna jarrabawa ba.

A Amurka sai mutum ya gama digirin farko kana ya nemi makarantar likitanci. A Nijeriya kuwa daga sakandare ake shiga, a yi shekara 6, saboda haka shawarar da yaro ya yanke ranar rajista ita za ta bi shi.

Da farko, Majalisar Kula Da Aikin Likitanci ta ƙasa, watau MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da asibitinta na koyarwa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ba ta da ikon tsallake nata adadin, kome yawan masu nema.

Na biyu, jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin jami'ar, 20 ga jihohin da ke baya a ilmin zamani. Ɗan Sakkwato da ya sa jami'ar gida a zaɓin farko yana da ƙofa uku. Wanda ya rubuta Ibadan ko Legas don suna ya rufe wa kansa ƙofar yanki da hannunsa.

Na uku, akwai masu karɓar wani fannin kimiyya da niyyar sauya sheƙa zuwa likitanci bayan shekara guda. Akasari wannan fata ba ta cika, domin guraben sun riga sun cike. Hanyar shiga aji biyu kai tsaye, da sakamakon IJMB ko da digirin farko mai kyau, tana nan, amma ƙunƙuntacciya ce, kuma kowace jami'a da nata sharuɗɗan.

Masu fita waje ma ba su tsira ba. Duk wanda ya yi karatu a ƙetare sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a nan, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 ya maido ɗalibai da dama gida karatunsu bai kammala ba.

Don haka wajibi ne Ma'aikatar Ilmi ta jiha ta tabbatar kowace sakandare tana da malamin ba da shawara wanda ya san waɗannan ƙa'idoji, ya fara da ɗalibai tun daga babban aji ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata ita ma jami'ar ta riƙa bayyana yawan gurabenta da sharuɗɗan sauya fanni a fili kafin rajista. Iyaye kuma, musamman ma'aikatan gwamnati masu tara kuɗin makaranta daga albashi, su bincika kafin su biya, don matambayi ba ya ɓata.

Asibitocin karkara na jiran likitoci 'yan gida. Asara ce babba jiha ta rasa likita saboda kuskuren cike takarda.