Mai yaɗa labari, bashi uku ke kansa

A watan Mayu na 1990 Ibrahim Cheick Diop ya fito da jaridar Haske a Yamai, ƴan Nijar suka fara riƙe takardar labarai wadda ba ta gwamnati ba. Taron Ƙasa na 1991 ya ƙara buɗe hanya, jaridu da gidajen radiyo masu zaman kansu suka biyo baya. A wancan zamani, wanda zai zargi mutum a bainar jama'a sai ya bi ta hannun shugaban jarida da mai duba rubutu, kowannensu kuma yana iya tambaya: ina shaida? Yau duk mai salula a aljihu ya zama mai jarida, ba mai tare shi, kuma abin da ya rubuta a Maraɗi da hantsi ya isa Damagaram da Tawa kafin azahar.

Wannan ƴanci abin murna ne, amma magana zarar bunu ce. Ɗan kasuwa jarinsa na farko sunansa ne: da shi yake ɗaukar kaya bashi a Kano ko Kwatano, da shi ake ba shi ajiya. A rubuta cewa shinkafarsa ta lalace, ko yana ɓoye gero don ya yi tsada, kafin gaskiya ta fito masu saye sun watse. Ma'aikacin duwan ko na baitulmali da aka laƙa wa cin hanci, ko an wanke shi, ƴaƴansa sun riga sun ji a lakwal. Saboda haka duk wanda ya ɗauki sunan mutum ya kai gaban jama'a, bashi uku ya hau kansa.

Na farko shaida ce. "An ce" ba shaida ba ce, yawan masu maimaita zance kuma ba ya mayar da shi gaskiya. Mai rubutu ya ga takardar da idonsa, ko ya ji daga mutum biyu waɗanda ba su haɗa baki ba. Ya bambanta abin da ya tabbatar da abin da yake zato. In kuwa wani ya ba shi kuɗi don ya rubuta, ya faɗa a fili, domin talla da aka sa wa rigar labari ha'inci ce, kamar tiya mai gindi biyu.

Na biyu, jin ta bakin wanda ake zargi kafin a buga. Alƙali ma ba ya yanke hukunci da jin ɓangare guda. In mutumin ya ƙi magana, a rubuta cewa an neme shi ya ƙi.

Na uku, gyara. Kowa na kuskure. Abin kunya shi ne a shafe rubutun da dare a yi shiru, alhali ƙaryar na ci gaba da yawo. Gyara ya fito inda kuskuren ya fito, da girmansa, da sunan wanda aka ɓata.

Akwai kuma abin da ya wuce mutuncin mutum guda. A watan Yuni na 2010 dokar aikin jarida ta soke ɗauri a kan laifin ɓata suna. A 2019 dokar laifuffukan intanet ta kawo gidan kaso ga wanda ya ɓata suna ta wannan hanya. An cire ɗaurin a 2022, aka maido da shi a watan Yuni na 2024, shekara 1 zuwa 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Kowane lokaci da aka ƙara ɗaure igiyar, hujjar masu mulki ɗaya ce: ƙarya da zagi sun yi yawa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, mai ƙarya shi ke miƙa wa hukuma sandar da za a bugi mai gaskiya.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2020 an tsare ƴar jarida Samira Sabou sama da wata ɗaya da rabi bayan rubutun da ta yi kan binciken kuɗaɗen ma'aikatar tsaro, daga baya kotu ta sallame ta. Kaso bai taɓa koya wa kowa ladabin alƙalami ba, tsoro kawai yake koyarwa. Ma'aikatar da ke rufe takardunta kuma ita ke kiwon jita-jita, don inda aka hana labari zato ne ke cika wurin.

Ragowar nauyin yana kan mai karatu. Wanda ya tura labari gaba ba tare da ya bincika ba ya shiga cikin bashin, kamar dillalin da ya sayar da kayan sata. Ɗan kasuwa ba ya karɓar buhu sai ya soka ya ga ƙwayar, ma'aikaci ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta. Labarin da ya shafi mutuncin maƙwabci ya cancanci irin wannan dubawa kafin ya bar hannu.