Adashin Da Ba A Kwasa: Yadda Masu Wasannin Intanet Ke Riƙe Samari

Tun daga shekarar 1991 da aka ɓalle Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola aka mai da Jalingo babban birninta, garin yake ta cika yana batsewa da ma'aikata da 'yan kasuwa, sa'an nan kafa Jami'ar Jihar Taraba a 2008 ya ƙara jawo masa samari daga ko'ina. Inda samari suka taru kuwa ba a rasa wasa. Wanda ya zaga Sabon Gari ko Mayo Gwoi ko wajen ATC da maraice zai ci karo da ƙananan shaguna waɗanda yara ke kira gidan gem, watau ɗaki guda da talabijin biyu ko uku, da na'urar PlayStation, da janareta yana ruri a bakin ƙofa. Cinikin wannan ɗaki a fili yake. Mutum ya biya kuɗin wasa ɗaya, ya buga ƙwallonsa, ya ci ko a cinye shi, ya tashi ya ba wani wuri. Ba ya bin mai shago kome, mai shago ba ya binsa.

To, amma akwai wani ciniki dabam da ya shigo aljihun samarin nan ta cikin wayar hannu, wanda ba a tashi daga gare shi da sauƙi haka. Wasanni irin su Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty: Mobile na 2019, kyauta ake sauke su a waya. Mai karatu na iya tambaya, to ina ribar kamfani? Ribar tana cikin daɗewar mai wasa. A zamanin kaset da faifai, kamfani na sayar da wasa sau ɗaya ya juya baya. A yau kuwa ma'aikatansa na zaune da alƙaluma a gabansu suna ƙirga mutum nawa suka dawo washegari, nawa bayan kwana 7, nawa bayan kwana 30, domin sun san jawo sabon mutum ta hanyar talla ya fi riƙe tsohon tsada.

Wanda ya koya wa duniya wannan sana'a sosai shi ne kamfanin Blizzard na Amurka, da wasansa World of Warcraft da ya fito a 2004, ana biyan kusan dala 15 kowane wata. A 2010 masu biya sun kai miliyan 12, daga nan suka yi ta raguwa, har a 2015 da suka sauko miliyan 5 da rabi kamfanin ya daina bayyana adadinsu. A 2019 ya sake fito da wasan yadda yake a farkonsa, don ya dawo da waɗanda suka tafi ta hanyar kewar ƙuruciyarsu. Amma abin da ya fi nuna zurfin dabarar mutanen nan wani ƙaramin al'amari ne da ya faru tun ana gwajin wasan. Da farko sun tsara cewa wanda ya daɗe yana wasa ba hutawa za a zabge masa rabin ladan da yake samu. Masu gwaji suka yi ca, suka ce wannan horo ne. Sai masu wasan suka sake wa abin suna kawai: rabin ladan nan suka kira shi lada na yau da kullum, cikakken kuma suka kira shi gyara ga wanda ya huta ya dawo. Lissafi bai canja ba ko kaɗan, amma jama'a suka yi murna. Duk wanda ya taɓa sayen gero a wurin mai awo da ya iya baki zai gane wannan.

Dabarar da ta fi kama samarin Jalingo a yau ita ce tikitin zango. Kamfanin Valve ne ya fara ta a 2013, amma Fortnite na kamfanin Epic Games ne ya yaɗa ta daga ƙarshen 2017, lokacin tikitin na kusan dala 10. Yadda abin yake shi ne, ana raba shekara zango-zango, wani wata guda, wani wata biyu ko fiye. Mai wasa ya sayi tikitin zangon, amma fa sayen bai ba shi kayan ba. Abin da ya saya izini ne na ya yi aiki ya same su: riguna na ado ga sojansa na cikin wasa, da fentin bindiga, da salon rawa. An jera su matakai-matakai, kowane mataki sai an cika ayyukan yini da na mako kafin a hau shi. Ranar da zango ya ƙare, duk abin da bai kai gare shi ba ya wuce shi, kuɗinsa kuwa ba su dawowa. Saboda haka yaron da ya biya yakan ji cewa kwana ɗaya da bai buga ba hasara ce, ko da jarrabawa ce a gabansa da safe.

Daɗin daɗawa, a cikin matakan nan akan zuba kuɗin wasa, waɗanda in mutum ya kammala zangon za su ishe shi sayen tikiti na gaba ba tare da ya sake taɓa aljihunsa ba. A ido wannan alheri ne. Samari da kansu sukan kwatanta shi da adashi, ka zuba ka kwasa. Sai dai adashin gaskiya in ranar kwasarka ta zo naira ake ƙirgo maka, ka sayi akuya ko ka biya kuɗin makaranta. Wannan kuwa abin da aka ba ka ba ya sayen kome sai zubi na gaba, a hannun uwar adashin nan dai. Kamfani bai yi hasarar sisi ba, alhali kuwa ya sami abin da ya fi so, watau mutum ya kwana biyu a kasuwarsa yana kallon hajar da ke rataye, wata rana zai saya.

Akwai kuma biyan mako ko na wata wanda ba a ba mutum abin da ya saya gaba ɗaya. A Free Fire, wanda ya biya irin wannan kuɗi ana ba shi wani kaso na lu'ulu'un wasa nan take, sauran sai ya riƙa shiga kullum yana karɓar rabon ranar. A Genshin Impact, na wani kamfanin ƙasar Sin da ya fito a 2020, biyan dala 5 na kawo rabo na kwana 30, ranar da mutum bai leƙa ba kuma rabon ranar ya faɗi ke nan. Misalinsa mai abinci ce ta karɓi kuɗin tuwon wata guda a hannunka, ta ce ranar da ba ka zo da kanka ba an ba kare. Da wuya a sami mai abinci a kasuwar Jalingo da za ta yi haka ta kwana lafiya.

Igiya ta uku abokai ne. Wasannin nan ana buga su ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu ko biyar, kuma a ƙarshen kowane zango ana sauke kowa daga matsayin da ya hau don ya sake hawa. Wanda ya ce ya bari, ba kamfani ne zai roƙe shi ba, abokansa ne za su dame shi da kira cewa saura mutum ɗaya.

Masu na'urar gida su ma ba su tsira ba. Tun fitowar PlayStation 4 a 2013, kamfanin Sony ya sa yawancin wasanni ba a buga su da mutane ta intanet sai an biya kuɗin PlayStation Plus, yana kuma ba masu biya wasanni kowane wata. Waɗannan wasanni suna taruwa a ɗakin ajiyar mutum shekara da shekaru, amma ranar da ya daina biya sai a rufe su duka, sai ya sake biya a buɗe. Microsoft kuwa ya kafa Game Pass a 2017, ya kashe kusan dala biliyan 69 a 2023 wajen sayen Activision Blizzard, mai Call of Duty da World of Warcraft, ya ce a farkon 2024 yana da masu biya miliyan 34, sa'an nan a Oktoban 2025 ya ɗaga farashin babban matakin zuwa kusan dala 30 a wata. Duk wannan haya ce, ba mallaka ba. Har wanda ya saya da kuɗinsa ma bai tsira ba, domin a 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe na'urorin da ke ɗauke da wasan tseren mota The Crew, faifan da ke hannun mutane ya zama ba shi da amfani.

Abin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a Jalingo fiye da Landan shi ne, saurayin Jalingo sau uku yake biya. Yana biyan kamfani, wanda asalin farashinsa da dala yake, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023, ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Yana biyan kuɗin data, wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara wa har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Yana kuma biyan mai cajin waya duk lokacin da wutar kamfanin rarraba lantarki na Yola ta ɗauke. Agogon zango kuwa ba ruwansa da ɗaukewar wuta ko yankewar sabis, tafiyarsa yake yi. A da wahalar biya da katin banki zuwa ƙasar waje kan zama shinge ga yara, amma kamfanoni irin su Carry1st da ke Afirka ta Kudu sun sauƙaƙa sayen kuɗin wasa da naira, har da tura kuɗi ta banki. Shingen ya faɗi.

Ba a ce wasa laifi ba ne. Saurayin da ke zaune da waya a ƙofar gida ya fi wanda ke bin 'yan bangar siyasa kwanciyar hankali, kuma kamfanin da ya kashe kuɗi ya yi wasa mai daɗi ya cancanci a biya shi. Inda gizo ke saƙa shi ne riƙe mutum da tsoron hasara bayan daɗin ya ƙare. Ƙasashen da kamfanonin suke ma sun gane haka. Beljiyam ta yanke hukunci a 2018 cewa akwatin sa'a, wanda ake saye ba a san abin da ke ciki ba, caca ne. A 2022 hukumar kula da gasar kasuwa ta Birtaniya ta sa Microsoft da Sony suka amince su tuntuɓi waɗanda ake ta cirar kuɗinsu alhali sun daɗe ba su wasa, su kuma daina cira in shirun ya yi tsawo. A Disamban shekarar nan ɗin Epic Games ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, miliyan 245 daga ciki don mayar wa waɗanda aka yaudara suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Ƙasar Sin ta fi kowa zafi: a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa 3 a mako, a Disamban 2023 kuma ta fitar da daftarin dokar hana ba da lada don shiga kullum. A yini guda hannun jarin kamfanin Tencent ya faɗi da fiye da kashi 12 cikin 100, cikin wata guda aka janye daftarin. Wanda ke shakkar darajar ɗan rabon nan na kullum a wurin kamfani, to ga amsa.

A Nijeriya akwai Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma jama'a ba su manta da yadda aka sha fama da kamfanonin waya kan cire kuɗin kati don waƙar kira da saƙonnin da ba wanda ya nema ba, har aka kafa lambar 2442. Abin da kamfanonin wasa suka yarda su yi wa Bature a Birtaniya, babu dalilin da zai hana a nemi su yi wa ɗan Taraba: a faɗi farashi da naira a fili, a yi gargaɗi kafin sabunta biya, a daina cirar kuɗin wanda ya daina wasa.

Kafin hukuma ta motsa kuwa, akwai abin da uba ko yaya zai iya dubawa yau da dare, musamman in katinsa na banki ne ke maƙale a wayar yaro. Share wasa daga waya ba ya tsayar da biyan wata da aka yi rajistarsa ta Google Play. Sai an shiga Google Play ɗin, an buɗe sashen biyan kuɗi, an nemo sunan wasan an soke shi da hannu, in ba haka ba ranar wata na zagayowa banki zai cire.