Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Sai Dai Girman Kai

Ran 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida, a Satumba ta ƙara huɗu, har da Mushin da muke ciki. Kowa ya san waɗanda abin ya fi dokewa, 'yan'uwanmu ne. Wasu sun koma Arewa, wasu har yau suna zube a ƙofar masallaci, ga iyali, ba sana'a.

To, wasu samarinmu masu karatu sun ɗauko kwamfutocinsu sun kawo ajin Islamiyya, bayan isha'i suna koya wa magidanta fi sabilillahi. Maimakon a sa musu albarka, sai ga 'yan majalisar shayi da dariya, wai mai furfura ya koma ɗan makaranta. Wani ma cewa ya yi bai dace a shigar da kayan Nasara inda ake karatun Alƙur'ani ba.

Malam, wayar da ke aljihunka, wadda kake sauraron tafsiri a ciki, a Kurmi aka ƙera ta? Ka koma sira. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da abin fansa, in ya iya rubutu, yara goma na Madina ya koya wa aka sake shi, alhali mushriki ne. Zaidu ɗan Sabit kuwa, Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa. Ina hujjarka?

Gaskiya ne, kwamfuta ba ta ba mutum aiki da kanta. Amma yau ko gadi kake nema a babban kamfani, sai an ce ka cike fom ta intanet. Mai kula da sito, sai ya iya shigar da kaya a Excel. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mu 'yan kasuwa mun ga yadda aka riƙa kwashe kayan mutane da alat na bogi, don ba su iya duba asusunsu ba. Har yaushe za mu riƙa miƙa wa baƙo lambar sirrinmu ya danna mana?

Alhazanmu, ku ma ban bar ku ba. Yaran nan daga aljihunsu suke sayen man janareto, kun kuwa san kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a 2023. Wanda ke yanka sa ran walima ba zai gaza galan ɗaya a mako ba. Kai kuma mai digiri da ke cewa ba ka da lokaci, wanda ya biya maka kuɗin makaranta ƙila a kan babur ya samo shi.

Mai tsohuwar kwamfuta a ajiye ya kawo. Mai ilimi ya ba da dare biyu a mako. Wanda ya rasa aiki ya zo ya zauna, kunyar tambaya ba ta kai ta roƙo ba. Mai dariya kuwa, in ba zai taimaka ba, ya kama bakinsa. Allah Ya buɗa mana ta halal, amin.