Kafin Ka Ce Mugun Hali Ne, Ka Tambayi Barcinsa

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Wannan karin magana ta yi mana ɓarna, domin da ita muke toshe bakin duk wanda ya so ya tambaya me ya sa wane ya canza. Mutum ya shekara ashirin ana yabon fara'arsa, sai ga shi yana zagin matarsa a kan gishirin miya, yana ƙarar da jarinsa cikin mako guda, yana cika baki wai duk kasuwa babu kamarsa. Dangi su taru su yanke hukunci: dama haka yake, ɓoyewa ya yi. Babu wanda zai tambaya awa nawa ya runtsa a wannan watan.

Yanzu kuma wayar hannu ta ba mu sabon kulki. A TikTok da Facebook an koyi kalmar "nasisis", wato mai bautar kansa, ana liƙa wa miji da kishiya da uwar miji. Bidiyon minti ɗaya ya ishi mutum ya zama likitan ƙwaƙwalwa. Tsohon hukuncin nan ne aka sa wa rigar Turanci.

Ga inda maganar ta samo asali. A 2002 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, Delroy Paulhus da Kevin Williams, suka haɗa halaye uku wuri guda suka kira su baƙaƙe: bautar kai, makirci, da ƙeƙasar zuciya. A 2013 Peter Jonason da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa masu raba dare sun fi samun maki a waɗannan halaye. Jaridu suka yi ta yayatawa: mujiya mugu ne. Abin da ba a yayata ba shi ne, takardar tambayoyi aka ba mutane suka cika da kansu, alaƙar da aka gani ƙarama ce, kuma ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ya haifi wani.

To, ɗauki wannan ma'aunin ka kawo shi Illela, ka ga ɗanyen aiki. Garin nan na bakin iyaka, mai kallon Birnin Konni, da yawan mutanensa neman abinci ne ya mai da su mujiya. Ranar Lahadi kasuwa na ci, ana lodin shanu da albasa har dare, direba ya kama hanyar Kudu ido biyu da goro da shayi mai kauri, wani har da taramol. Da aka rufe iyaka a Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai fatauci mai yawa ya koma dare da hanyar daji. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba kuwa, magidanci na kwana kunne a waje. Ka haɗa da zafin bazara a ɗakin da babu wuta. Duk waɗannan miyagu ne?

Jiki ba ya yafe bashin barci. A 1999 Eve Van Cauter da abokan aikinta a Jami'ar Chicago suka taƙaita barcin samari 11 lafiyayyu zuwa awa huɗu har dare shida, sai jikinsu ya kasa sarrafa sukari yadda ya saba. A 2007 ɗakin binciken Matthew Walker ya nuna cewa kwana guda ba barci na sa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fushi ya zabura fiye da ƙima, yayin da sashen da ke taka masa birki ya yi sanyi. Ma'ana, rashin barci kaɗai na iya samar da mutum mai saurin hasala, mai yawan jin yunwa, wanda sukarinsa ke hawa.

Abin ya fi muni ga mai ciwon hawa da saukar rai, wanda likitoci ke kira baifola. Idan ciwon ya hau, alamar farko sau da yawa ita ce mutum ya yi barcin awa biyu ko uku ya tashi garau. Daga nan sai ganin kai ya fi kowa, sai surutu, sai ɓarnar kuɗi, sai faɗa da duk wanda ya ce masa kul. A ido, sak nasisis ɗin TikTok. Bambancin shi ne hali yana nan kullum, ciwo kuwa zuwa yake ya tafi, ya bar mai shi cikin kunya da bashi. Mai ciwon damuwa shi ma ba ya tsira daga bakinmu: shirunsa girman kai ne, kwanciyarsa lalaci. Alhali an daɗe da sanin cewa ciwon damuwa da ciwon sukari na jawo juna. Wasu magungunan ƙwaƙwalwa ma, irin su olanzafin, na ƙara ƙiba da sukari, shi ya sa mai shan su ke buƙatar awon jini a kai a kai, ba tare da ya yar da maganin don ra'ayin kansa ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. Idan manhajar da ke aiki lafiya jiya ta rikice yau, ba ma cewa dama muguwa ce. Tambaya ɗaya muke yi: me ya canza? Abin kunya ne a ce na'ura na samun wannan adalcin a wurinmu, ɗan'uwa bai samu ba. Kuma 'yan sana'armu na da hannu a cutar. Da gangan aka gina shafin da ba ya ƙarewa komai ka ja shi, ga kamfanonin sadarwa na sayar da data mai rahusa da tsakar dare. Manhajar da ta hana ka barci ita ce gobe za ta koya wa matarka sunan da za ta kira ka.

Wani zai ce ina nema wa azzalumai mafaka. Ko kusa. Akwai mugu mai barcin awa takwas, sukarinsa daidai, kuma wannan hukunci ya dace da shi. Matar da ake duka a fara kare ta, ko da ciwo ne ke sa mijin, sannan a yi zancen magani. Ciwo na bayyana dalili, ba ya goge haƙƙin wanda aka cuta. Abin da nake ƙi shi ne ƙyuyar da ke sa mu zuba mai ciwo da mugu a kwando ɗaya, don hakan ya fi sauƙi a kan biyan kuɗin mota.

Kuma tafiyar ba ta da nisa. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware yana kan hanyar da muke bi daga Illela zuwa Sakkwato. Muna wuce shi da tumaki da buhunan albasa, amma kai ɗan'uwa can ya zama abin gori. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta sauya, harshenmu bai sauya ba.

Don haka kafin a kira taron dangi, kafin a rubuta takardar saki, a yi tambaya uku. Yaushe ya fara? Awa nawa yake barci? Yaushe rabon da a auna sukarinsa da hawan jininsa? Idan an amsa su, likita ya duba, aka ga lafiyarsa ƙalau, to ku kira shi duk sunan da ya cancanta.