Gwajin Yin Ƙanƙara Ba Wasan Yara Ba Ne

Mahaifiyata tana sayar wa ma'aikatan kamfanonin jima na Challawa zoɓo da kunun aya. Idan bazara ta yi, zafi ya kai digiri 40, kusan duk ribarta a sayen ƙanƙara take ƙarewa. Wannan ne ya sa na ɗaura niyyar haɗa mata abin daskarar da ruwa da hannuna.

Malaminmu na kimiyya ya ba mu labarin wani mai gyaran agogo ɗan ƙasar Faransa, Jean Peltier. A 1834 ya gano cewa idan lantarki ya ratsa mahaɗar ƙarafa biyu mabambanta, wurin yakan yi sanyi ko zafi, gwargwadon inda lantarkin ya fuskanta. A 1838 wani masani a Rasha, Lenz, ya daskarar da ɗigon ruwa ta wannan hanya. Yau ana sayar da ɗan farin faifai mai wannan aiki, da batirin mota mai bolt 12 yake tashi, fuska ɗaya sanyi, ɗaya zafi.

Na tara kuɗin tarata na saya, na liƙa shi a murfin kula. Da farko ya yi sanyi har raɓa ta kwanta masa. Ba a jima ba sai duk ya ɗau zafi, ya ƙone. Yayana ya yi ta dariya, ya ce na zuba kuɗi a rijiya.

Amma a ranar na gane abin da allo bai fahimtar da ni ba. Faifan ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar waje. In ba a sa masa ƙarfen alminiyam mai haƙora da fanka a bayansa ba, zafin komowa yake yi. Da na gyara a karo na biyu, ruwan cikin murfin kwalba ya daskare. Gaskiya kuwa, ba zai ishi sana'ar mahaifiyata ba, domin yana shan wuta fiye da firiji nesa ba kusa ba.

To, asara na yi ke nan? Ni dai a ganina a'a. Ku tuna da marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jigawa. Tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan lambu suka daɗe ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Da bai gwada ba, wa zai san shi?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in kun ga yaro da waya da batir, kada ku ce shiririta yake yi. Hukumar makaranta kuma ta taimaka mana da ɗakin gwaji da kayan aiki. 'Yan'uwana ɗalibai, mu tashi tsaye, domin gani ya kori ji. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.